Daga Gidan Waya Zuwa Kachia: Yadda Ake Karatun Kimiyya a Kwalejojin Kudancin Kaduna

A watan Fabrairun 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da umarnin mayar da Jami'ar Nok da ke Kachia zuwa Jami'ar Kimiyya ta Tarayya, bayan da kotu ta mallaka wa gwamnati makarantar a 2024 sakamakon ƙarar da hukumar EFCC ta shigar. An naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. A shekarar ce kuma aka amince Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan ya zama Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Al'ummar kudancin Jihar Kaduna sun daɗe suna neman waɗannan abubuwa biyu, don haka murnar da aka yi ba ta zo da mamaki ba.

Sai dai jami'ar kimiyya ba ta buɗe ƙofarta ga kowa. Tana neman ɗalibin da ya ci kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Ingilishi da lissafi da darussan kimiyya, wato ilimin halittu da ilimin sinadarai da fiziks. Yaron da ke Fadan Kagoma ko Gwantu ko Zonkwa ba zai kai ga wannan matsayi ba sai ya samu wanda ya ɗora shi a kan hanya tun daga firamare da ƙaramar sakandare. Mafi yawan masu wannan aiki kuwa ba daga jami'a suke fitowa ba. Daga kwaleji suke fitowa, kuma a wannan yanki babbar kwalejin da ke yaye su ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, a Ƙaramar Hukumar Jema'a, 'yar tazara daga Kafanchan.

Kwalejin da ke kusa da gida

A Amurka akwai wani rukunin makarantu da ake kira kwalejojin al'umma. Ana ɗaukar wadda aka kafa a garin Joliet na Jihar Illinois a 1901 a matsayin mafi daɗewa cikin na gwamnati, kuma tsarin ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawara a 1947 cewa a kai ilimi mai zurfi kusa da jama'a. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu, kuɗin makaranta bai kai na jami'a ba, ɗalibi yana kwana a gidan iyayensa, kuma idan ya gama yana iya kama aiki ko ya wuce jami'a a lissafa masa abin da ya riga ya karanta.

Najeriya ba ta da makaranta mai wannan suna, amma tana da masu yin wannan aiki. Kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da na kiwon lafiya su ne ke tarar ɗan manomi da 'yar ƙaramin ma'aikaci waɗanda kuɗi ko maki ko nisa ya hana su shiga jami'a kai tsaye. A kudancin Kaduna, ban da Gidan Waya, akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma a Kafanchan, da reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Samaru Kataf inda ake koyar da aikin gona. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan, amma tsangayar aikin gona da ta nazarin muhalli ne a can. Mai son digiri a tsantsar ilimin halittu ko fiziks a wannan jami'a sai ya tafi Kaduna.

An kafa kwalejin Gidan Waya a 1977, lokacin da Katsina ke cikin Jihar Kaduna, kuma lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara ba tare da isassun malamai ba. Wannan ne ya sa ƙasar ta shiga kafa makarantun horar da malamai ka'in da na'in. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda ke tsara manhaja da tantance kwasa-kwasai, kuma sannu a hankali takardar shaidar malanta ta NCE ta maye gurbin tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu a matsayin mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita.

Abin da ɗalibi ke karantawa

Karatun NCE shekara uku ne. A sashen kimiyya, ɗalibi yakan haɗa darussa biyu, kamar ilimin halittu da ilimin sinadarai, ko fiziks da lissafi, ko lissafi da kwamfuta. Akwai kuma haɗaɗɗiyar kimiyya, wadda ke tattara ginshiƙan darussan uku wuri guda domin wanda zai koyar a ƙaramar sakandare, inda ba a rarraba kimiyya kashi-kashi. A kan waɗannan ana ɗora darussan sanin dabarun koyarwa da halayyar yara da tarihin ilimi, da kuma darussan gama-gari irin su Ingilishi. Kafin ya kammala, dole ɗalibi ya fita koyarwar gwaji a wata makaranta, malamansa su bi shi can su zauna a bayan aji suna ba shi maki, sannan ya rubuta ɗan kundin bincike.

Wannan tsari yana da riba, yana kuma da tsada. Ribarsa ita ce mai NCE yana fitowa da darussa biyu a hannu, abin da makarantar ƙauye mai malamai ƙalilan ke matuƙar buƙata. Tsadarsa kuwa ita ce lokaci ya rabu gida uku, don haka zurfin da zai yi a kowane darasi bai kai na ɗalibin jami'a da ya shafe shekara huɗu a kan fanni guda ba. Wanda ya fahimci haka tun farko ba zai ji an cuce shi ba idan ya isa jami'a ya tarar da giɓin da sai ya cike.

Ƙofar shiga ta fi ta jami'a faɗi. A taron tsara manufofi na 2025 hukumar JAMB ta tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 kuma ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Mutane da yawa na kallon wannan a matsayin shaidar cewa kwalejin ilimi matattarar waɗanda suka rasa mafita ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ɗalibai kaɗan ne ke zaɓar ta a matsayin zaɓin farko. Amma makin JAMB ba hazaƙa kaɗai yake aunawa ba. Yana auna irin makarantar da yaro ya fito, da ko ya taɓa zama gaban kwamfuta kafin ranar jarrabawa, da ko an samu malamin fiziks a makarantarsu ko kuwa malamin lissafi ne ya riƙa taɓukawa.

Ga kuma batun harshe. Yaron yankin yakan tashi da Tyap ko Jju ko Hyam ko Ninzo ko Adara ko Fulfulde a gida, ya yi Hausa a kasuwa da filin wasa, sannan a buƙaci ya fahimci yadda ƙwayar halitta ke rabuwa da Ingilishi. Malamin da ya fito daga yankin yana da makamin da baƙo ba shi da shi, domin idan bayani ya cije yana iya juyawa ya warware shi da harshen da yaro ke tunani da shi.

Ɗakin gwaje-gwaje

Abin da ya bambanta karatun kimiyya da sauran karatu shi ne ba ya tsayawa a allo. Jarrabawar WAEC da ta NECO duk suna da takardar gwajin hannu a ilimin halittu da sinadarai da fiziks. A ɗakin sinadarai ana ba ɗalibi ruwan asid a dogon bututun awo ya riƙa ɗiga shi cikin ruwan alkali har launi ya sauya, daga nan ya lissafa ƙarfin ruwan. A fiziks ana ba shi zare da ɗan nauyi da agogo ya auna lilon da ke kaiwa da komowa, daga nan ya fitar da ƙarfin jan ƙasa, wanda ya kamata ya zo kusa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A ilimin halittu ana ɗora siririyar fatar albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zana ɗakunan ƙwayoyin halitta kamar jerin tubala.

Ɗalibai da dama daga makarantun karkara kan isa kwaleji ba su taɓa yin waɗannan da hannunsu ba, sai a makon jarrabawa idan an aro kayan aiki. Ga irin waɗannan, shekarar farko a kwaleji ita ce haɗuwarsu ta gaskiya da kimiyya. Saboda haka darajar sashen kimiyya ba a girman gini take ba. Tana ga ko akwai ruwa a famfon ɗakin gwaji, ko akwai wuta lokacin darasi, ko sinadaran da ke kan kanta ba su lalace ba, da ko mutum nawa ne ke layi a kan madubi guda. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ba shi siffarsa ta yanzu, yana gina ɗakuna da sayen na'urori a manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi. Amma sinadari abin ƙarewa ne kamar cefane, gilashi yana fashewa, kuma waɗannan ƙananan kuɗaɗe na yau da kullum su ne suka fi wuyar samuwa.

A nan ne wani darasi da ba a cika ba shi muhimmanci ba yake da amfani, wato koyon ƙirƙirar kayan koyarwa daga abin da ke kusa. Ruwan zoɓorodo, alal misali, yana iya zama ma'aunin asid: a ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, a zuba masa jiƙon kanwa ko ruwan toka ya rikiɗe ya yi duhu. Malamin da ya iya wannan zai nuna wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare bambancin asid da alkali da abin da bai kai kuɗin burodi ba. Wannan ba uzuri ba ne ga gwamnatin da ta bar makaranta babu kayan aiki, amma yaron da ke aji a bana ba zai jira kasafin baɗi ba.

Ƙasar da ke buƙatar masananta

Da wuya a samu yanki a Arewa da tambayoyin kimiyya ke kwance a fili kamar kudancin Kaduna. A daminar 2023 wata cuta ta fumfuna ta afka wa gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba da Jema'a da maƙwabtansu. Ganye ya riƙa yin rawaya yana bushewa, saiwa kuma na ruɓewa a cikin ƙasa. Najeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noman citta a duniya, kuma wannan yanki ne cibiyarta, don haka asarar ta taɓa kusan kowane gida. Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta ƙiyasta ta a kan Naira biliyan 12, gwamnati kuma ta sanar da tallafin Naira biliyan 1.6.

Abin da ya faru a gonakin nan darasi ne na shekarar farko a ilimin halittu. Citta ba da ƙwaya ake shuka ta ba, da yankin saiwarta ake yi, ke nan duk cutar da ke jikin uwa tana bin iri zuwa sabuwar gona. Irin da manoma ke juyawa shekara da shekaru kusan jinsi ɗaya ne, don haka abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da duka. Ire-iren wannan cuta kuma suna son ƙasa mai riƙe ruwa, suna iya zama a cikinta bayan an cire amfani, shi ya sa masana ke ba da shawarar sauya amfanin gona, da tsabtace iri kafin shuka, da gyara magudanar ruwa. Manomi ba ya buƙatar farfesa ya faɗa masa haka. Yana buƙatar malamin gona ko malamin makaranta ko ɗansa da ya yi karatu, wanda ya fahimci dalilin, ba umarnin kaɗai ba.

Ƙarƙashin ƙasa ma haka abin yake. A 2016 wani kamfanin ƙasar Ostireliya ya sanar da gano ƙarfen nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a, kuma an daɗe ana haƙar duwatsu masu daraja irin su safaya a kewayen Gidan Waya. Wanda ke iya auna abin da ke cikin dutse shi ne ke yanke farashi, mai haƙa da diga kuwa sai abin da aka ba shi.

Sai kuma Nok, ƙauyen da ke Ƙaramar Hukumar Jaba wanda sunansa ya zagaya duniya. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a can. A farkon shekarun 1940 wani kan yumɓu da aka samu a yankin Jema'a ya isa hannun Bature Bernard Fagg, wanda ya lura da kamanninsa da na Nok ya kuma raɗa wa wayewar suna. Amma da ido ba a sanin shekarun abu. Fiziks ne ya ba da amsa: kowane abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda rabinsa ke rikiɗewa duk bayan shekara 5,730, don haka idan aka auna abin da ya rage a gawayin da aka tono tare da kayan, sai a lissafa zamaninsu. Da wannan hanya masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka nuna cewa wayewar Nok ta faro ne wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. A 2021 kuma masana sinadarai na Jami'ar Bristol da ke Ingila suka binciki ɓaraguzan tukwane sama da 450 suka gano burbushin kakin zuma, shaidar cewa mutanen wurin suna cin zuma tun shekara 3,500 da suka wuce. Tukwanen na kudancin Kaduna ne, amma ɗakunan gwajin da suka sa su magana suna Turai.

Kuɗi, tsaro da abin da ke biyo baya

Tarihin kwalejin na baya-bayan nan ya nuna abubuwa biyu da ke katse wa ɗalibi karatu. Na farko rashin tsaro. A ƙarshen 2016, sakamakon hare-haren da suka addabi yankin, gwamnatin jiha ta rufe manyan makarantunta da ke kudancin Kaduna, kuma suka shafe watanni a rufe har cikin 2017. Ɗalibin adabi yana iya karatu a gida, amma ɗalibin kimiyya da aka raba da ɗakin gwaji an raba shi da rabin darasinsa.

Na biyu kuɗin makaranta. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙara kuɗin manyan makarantun jihar, kuma zanga-zangar da ɗalibai suka yi a Gidan Waya a watan Yunin shekarar ta ƙare da asarar rai. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin: na Gidan Waya ya sauko daga Naira 75,000 zuwa 37,500, na Nuhu Bamalli daga 100,000 zuwa 50,000, na kwalejin jinya daga 100,000 zuwa 70,000, na jami'ar jihar kuma daga 150,000 zuwa 105,000. A 2024 aka sa hannu kan sabuwar dokar ba ɗalibai rance, wadda ta shafi kwalejoji kamar yadda ta shafi jami'o'i. Ko da haka, kuɗin rajista ba shi ne ƙarshen ɗawainiya ba, domin ga haya da abinci da rigar ɗakin gwaji da kuɗin mota lokacin koyarwar gwaji. A gidan da citta ce ke biyan kuɗin makaranta, shekarar da ta ruɓe shekara ce da wasu suka ajiye karatu.

Wanda ya jure ya kammala yana da hanyoyi a gabansa. Yana iya yin rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ya kama koyarwa. Idan sakamakonsa ya yi kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ba tare da sake zama jarrabawar UTME ba, ko ya ci gaba da digiri a nan Gidan Waya ƙarƙashin haɗin gwiwar da kwalejin ke da shi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya kamata ɗalibi ya sani tun wuri cewa wannan hanya ta fi sauƙi zuwa digirin koyar da kimiyya. Mai burin likitanci ko haɗa magunguna ko injiniya dole ya duba sharuɗɗan kowace jami'a a kundin JAMB, domin da yawa ba sa karɓar NCE a waɗannan fannoni. A matakin ƙasa, dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, amma kwalejin jiha kamar ta Gidan Waya sai majalisar dokokin jiharta ta yi mata tata dokar.

Jihar Kaduna ta riga ta ga abin da raunin wannan mataki ke haifarwa. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka tsayar ba, ta kuma sallame su duk da adawar ƙungiyar malamai, wadda ta ƙi amincewa da yadda aka gudanar da jarrabawar. An yi ta muhawara a kan adalcin matakin, amma waɗanda aka ɗauka su maye gurbinsu daga irin waɗannan kwalejoji dai suka fito, haka ma waɗanda za a ɗauka nan gaba.

Yaron da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a shekarar da aka kafa jami'ar Kachia zai nemi gurbi a cikinta ne wajen 2031. Darussan kimiyyarsa na shekara uku na farko, waɗanda daga sakamakonsu ake tantance ko zai shiga ajin kimiyya a babbar sakandare, suna hannun waɗanda suka riga suka fito daga Gidan Waya da waɗanda yanzu suke layi a ɗakin gwajinta.